Mutumin Kan Benci

Ranar da Atika ta fara ganin Anas, zaune yake a kan benci kamar an dasa shi, kuma haushi ya ba ta. A harabar wata firamare ce a Unguwar Dosa, inda ƙungiyar wasan kwaikwayon mahaifinta, Malam Ɗanasabe, ke atisaye duk Asabar. Ta kawo wa Baba maganin da ya manta a gida, ta tarar an gama, kowa na tattara kaya, amma wannan dogon saurayi ko motsi bai yi ba.

Ta tambaye shi ko ƙafarsa ce ta sage. Ya ɗago ya dube ta. Ya ce shi ne matafiyi.

Tsohon wasan barkwanci ne suke yi duk bayan Sallah, wanda wani malamin makaranta ya rubuta tun Malam Ɗanasabe na saurayi. Yana farawa da wani matafiyi a tashar Kawo, zai tafi neman aure, gabansa na faɗuwa. Sai wata tsohuwa mai waina ta zaunar da shi a benci, ta ce bari ta ba shi labari kafin mota ta cika. Labarin kuwa na mai unguwar da akuya ta cinye wa takardar naɗi ne, a yi ta dariya har a tashi. Amma marubucin bai sake komawa kan matafiyin ba, kuma ya rasu bai faɗi dalili ba. Shi ya sa ƙungiya ta kafa doka: mai yin matafiyi ba ya tashi daga benci sai ɗan kallo na ƙarshe ya fita. Wanda ya tashi kafin nan, ya bar ƙungiya.

Malam Ɗanasabe ya yi shekara ashirin da shida a bencin nan. A fahimtarsa, dariya ce ta shagaltar da matafiyi har mota ta tafi ta bar shi, kuma darasin ke nan. Atika dai tun tana ƙarama ba ta yarda ba. Ita a ganinta malamin bai manta ba, ya bar maganar a buɗe ne don wanda ke zaune ya yanke wa kansa.

Daga ranar nan maganin Baba ya riƙa yawan mantuwa a gida. Anas mai gyaran keken ɗinki ne a Unguwar Kanawa, ga sanyin hali, ga kunya, ita kuwa bakinta ba ya ajiye magana. Haka Allah Ya haɗa su. Tana kiransa Matafiyina, yana kiranta Sarauniya, har suka kai ba mai iya cin abinci sai ya ji muryar ɗan'uwansa.

Da maganar ta kai kunnen Malam Ɗanasabe, ya ce sam. Yana son yaron, shi ya koya masa wasa, amma ya ba shi benci ne saboda ya iya zama, kuma mai iya zama haka bai ga yadda zai riƙe gida ba. Ga Abubakar mai shagon tayil a Katabu yana ta zaryar neman aurenta. Atika ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba, ta ce ita Anas take so.

"Ranar da matafiyi ya tashi daga benci, ranar zan ba shi ke," in ji Baba, ya juya ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Nufinsa har abada. Ita kuwa ta ɗauki maganar ta ƙulle.

Ta aika wa Anas saƙo ta gaya masa. Amsarsa ta zo da la'asar:

"Sarauniya, ina sonki fiye da yadda bakina ya iya faɗa. Amma ba zan iya kunyata Malam a gaban jama'a ba, shi ya koya min komai. Mu ƙara haƙuri."

Ranta ya ɓaci, ta rubuta:

"To ci gaba da zama, Matafiyi. Abubakar yana da mota, kuma tasa ba ta jiran cika."

Tana aikawa ta fashe da kuka, don ba haka take nufi ba. Shi kuma washegari ya zo ba ta haƙuri, ya ga motar Abubakar a ƙofar gida, ya juya. Bai san cewa a daidai lokacin Atika na zaure tana gaya wa Abubakar, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, cewa ya daina ɓata man motarsa ba. Mako uku ba kira ba saƙo, kowa ya rame a inda yake.

Gwaggo Harira, ƙanwar Baba, ita ke yin mai waina. Ta lura da su biyun, ta ce wannan wauta ta ishe ta. Ranar wasa, kwana uku bayan Sallah, sai ga ta da mayafi naɗe a wuya, wai murya ta dishe, Atika ce kaɗai ta haddace maganganun. Baba ya harare ta, amma jama'a sun riga sun cika harabar.

Atika ta ɗaura zanen tsohuwa, ta zaunar da matafiyi a benci, shi ko kallonta ya kasa yi. Akuya ta cinye takarda, mai unguwa ya bi ta da gudu rawani na warwarewa, aka yi dariya har da hawaye. Wasa ya ƙare, mutane suka fara miƙewa. Sai ga mai waina ta dawo da farantinta a ka, abin da ba a taɓa gani ba. Wuri ya yi tsit.

"Malam, mota ta cika," ta ce da ƙarfi. "Saura kujera ɗaya, kuma na kori wanda ya zo zai zauna a kanta. Za ka shiga, ko in ce wa direba ya tafi?"

Anas ya dube ta, ya gane. Ya dubi bencin da ya fi so a duniya bayan ita, ya san idan ya tashi ba zai sake hawansa ba. Ya miƙe. Ya sauko ya ratsa mutane har gaban Malam Ɗanasabe, ya durƙusa.

"Malam, matafiyi ya iso. Na san hukuncina, na ɗauka. Atika na zo nema."

Tsohon ya dube shi. Ya cire hula, ya mayar.

"Shekara ashirin da shida ina kan bencin can, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce min mota ta cika," ya ce a hankali. "Ka fita daga ƙungiya, doka ce. Kuma ba a neman aure a filin wasa. Ka turo magabatanka."

Gwaggo Harira ta rangaɗa guɗa da muryar da aka ce ta dishe.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, wata Asabar da hantsi. Da aka kai amarya Unguwar Kanawa, cikin kayan ɗaki har da tsohon bencin, Baba ne da kansa ya sa aka ɗora shi a mota. Ya dafa kawunan ango da amarya ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuriya ta gari, Ya sa kada ɗayansu ya sake zama jiran abin da tashi ne zai ba shi. Aka ce amin.

Bencin yana nan a tsakar gidansu. Anas kan zauna a kai ya sha shayi, amma Atika na kiran sunansa yake miƙewa.