Fuska ta Huɗu a Teburin Filimon

Ranar Juma'a ce, sha huɗu ga Agusta, 1959, ƙarfe tara saura kwata na dare. Na san lokacin domin agogon ɗakin shan magani yana rataye daidai saman kan Filimon, kuma shi nake kallo aka yi sallama.

Amma bari in fara gaya muku wasan, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Mu huɗu ne, duk mun gama makarantar mishan ta ƙauyenmu, Gidan Mayau. Filimon ɗan goggona ne, taubashina, shi ne malamin ɗakin shan magani. Timotawus yana koyar da 'yan aji biyu. Ilu kafinta ne. Ni, Haggai, ina taya fasto aikin ofis. Ba mu da rediyo, dare kuma yana da tsawo da damina, sai muka ƙirƙiro wasanmu. A kan teburin da ake ba da magani da rana muke shimfiɗa wani buhu da Ilu ya zana wa taswira da gawayi: ga dutse, ga kasuwa, ga kurmi, ga rafi. Ni ne mai labari. Ni ke faɗin inda suke da abin da ke gabansu. Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, ya jefa ƙwayar ludo, ita ke yanke masa.

Fuskoki uku muke da su, Ilu ya sassaƙa da ƙwarya. Wanda ya sa ta Maharbi yana gani cikin duhu. Ta Makaho tana jiyar da mutum maganar matattu. Ta Ɓarawo tana ratsa bango. A cikin labari ke nan.

Dokokinsu ba yawa, amma muna riƙe da su kamar na coci. Fuska a kife take zama, ba mai taɓa ta sai ƙwaya ta ba shi shida. Wanda ya sa ta ya bar zama kansa, ba a kiransa da sunansa. Kuma ba mai cire wa kansa. Sai mai labari ya kira shi, ya amsa, sannan ya sauke. Saboda Ilu muka sa wannan ta ƙarshe, don da ya ji na ce ga zaki sai ya fizge tasa ya ce ba shi ba ne.

A daren nan tun la'asar ake ruwa. Filimon ya jefa ƙwaya ya fi a ƙirga, shida ta ƙi zuwa.

"Taubashi, ka yi wa ƙwayar nan asiri," in ji shi.

"Hannunka ne ya saba da ƙirga ƙwayar zazzaɓi," na ce.

Sai aka yi sallama.

Dogon mutum ne, da farar riga har ƙasa, da jakar fata a kafaɗa. Ya ce ruwa ne ya tare shi. Filimon ya ja masa benci, Ilu ya miƙa masa ruwa a moɗa. Ya karɓa ya ajiye, bai sha ba.

Rigarsa a bushe take.

Da ya yi magana kuma, sai leɓensa ya rufe kafin muryar ta iso. Kaɗan ne bambancin. Kamar mai saran itace a tsallaken fadama, ka ga gatari ya sauka, sannan ka ji ƙara.

Ya kalli zagaye guda, sannan ya ce, "Na san wasan nan. A garinmu ma ana yi."

"Ina ne garinku, baƙo?" in ji Timotawus.

"Kusa."

Ya buɗe jaka ya fito da fuska, ya kife ta kusa da namu. Ta baƙin itace ce, sumul, ba alamar wuƙa. Ilu ya sunkuya ya dube ta, ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"Me take bayarwa?" in ji Filimon.

"Abin da ukun nan ke bayarwa. Da ƙari."

"Dokarta fa?"

"Irin taku. Sai da shida. Ba a cire wa kai. Sai dai ba mai labari ke kira ba. Wadda ta haifi mutum ke kiransa, da sunansa."

Timotawus ya fashe da dariya har ya bugi tebur. "To Filimon, ka rufa wa kanka asiri! In ka sa ta, da ita za a binne ka. Goggo Laraba ce za ta faɗi sunan ɗan fari?"

Gaskiya ya faɗa. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin abin ba. A lokacinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko ɗaukarsa a gaban mutane ba ta yi. Tun da aka haifi Filimon, "kai" take ce masa, ko "yaron nan". Da ya fara aiki ta koma "malam".

Filimon ya yi dariya shi ma. "Wasa ne fa, Timo. Ba ni ƙwaya."

Ya jefa. Ta gangara ta faɗi ƙarƙashin tebur. Na sunkuya da fitila.

Ƙafafunmu duk taɓo ne har idon sawu. Na baƙon fes suke. Yatsun duk tsawonsu ɗaya, ba farce ko guda, kuma tsakanin tafin ƙafarsa da daɓe akwai wurin da za a zura takarda. Ƙwayar tana gabansu. Shida.

Na rufe ta da tafin hannu, na buɗe baki zan ce uku.

"Shida ce," in ji muryar. Ba daga sama ta zo ba. A nan ƙarƙashin teburin take, kusa da kunnena.

Kafin in ɗago, Filimon ya riga ya ɗauki fuskar baƙon. Ba ta da igiya, amma da ya kai ta fuskarsa ta zauna.

Ruwa yana dukan kwano.

"Ina bakin rafi," in ji shi. Muryarsa ce, amma a hankali, kamar mai magana cikin barci. "Ina ganin komai. Akwai mutane a tsallake. Da yawa. Suna ɗaga mini hannu."

Ni ne mai labari, kuma ban faɗi wannan ba.

"Wasa ya tashi," na ce. "Filimon!"

Ko motsi.

"Filimon, ka amsa mana, kai!"

Ilu ya zagaya ya sa yatsa zai ɓamɓare ta. Ya laluba daga goshi har haɓa. Ya dube ni. "Haggai, ba baki. Itacen da fatar sun zama ɗaya."

Baƙon yana bakin ƙofa, ba wanda ya ga tashinsa.

"Zan je in dawo," in ji shi. "In zakara ya yi cara, zan ɗauki kayana da abin da ke ciki."

Ya fita. Taɓon da ke ƙofar bai nuna sawu ba.

Filimon ya miƙe. "Ruwan bai kai gwiwa ba," ya ce, ya nufi ƙofa. Timotawus da Ilu suka rungume shi, suka zaunar da shi da ƙyar, suka ɗaure shi a kujera da bandeji. Timotawus ya daina dariya.

"Je ka kira Goggo," in ji shi.

Gidan Goggo Laraba yana can ƙarshen ƙauye, hanyar kuma ta bakin rafi take bi. Rafin ya cika, sai da na yi ta laluben wurin takawa. Fitila ta mutu a hannuna. Duk takun da na yi, ina jin wani a bayana, ya ɗan makara kaɗan. In na tsaya, sai ya ƙara taku ɗaya, sannan ya tsaya. Ban waiwaya ba. Na yi ta maimaita Addu'ar Ubangiji, ina kai tsakiya in manta, in koma farko.

Goggo ta fito da zane a ka. "Haggai? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Goggo. Ki zo. Malam ne."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta wuce gabana, ni ke bin ta.

Da muka isa dare ya raba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ɗanta a ɗaure, da baƙar fuska. Na gaya mata dokar. Ta saurara har ƙarshe.

"Kai," ta ce masa. "Kai, yaron nan. Tashi."

"Ruwan ya kai ƙugu," in ji Filimon.

"Malam. Da kai nake."

"Goggo," na ce, "sunansa."

Ta juyo ta harare ni kamar na zage ta. "A gabanku? Ku 'ya'yan jiya?"

"Goggo, don Allah."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta zauna, ta tashi, ta shafa kansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Can ta kau da kai ta dubi bango, ta ce, "Filimon." A gurguje ta faɗa, kamar mai tofar da abu mai zafi.

Ba abin da ya faru.

"Na sani," in ji ta. "Wannan na makaranta ne, shi ya sa ya fito. Ba shi aka raɗa masa ba."

Mu duka muka dubi juna. Shekara da shekaru muna tare, ba wanda ya tuna Filimon yana da wani suna.

"Ya kai ƙirji," in ji shi. "Akwai sanyi."

A bayan ɗakin, a akurkin fasto, na ji zakara yana kaɗa fiffike.

"Ku fita," in ji Goggo. "Ku juya baya."

Muka fita baranda. Ruwa ya tsagaita. A gindin mangwaro, inda hasken taga ya ƙare, farar riga tana tsaye. Ilu ya kama hannuna ya matse.

Daga ciki muka ji ta fara, ƙasa-ƙasa, ba ta ƙarasa ba. Ta sake, ta tsaya a rabi. Sai ta ja numfashi ta kira shi da ƙarfi, yadda uwa ke kiran yaron da ya yi nisa da gida magariba ta yi. Ba zan faɗi sunan ba. Nata ne.

Amsar ba daga ɗakin ta fito ba. Daga can wajen rafi ta zo, siririya.

"Na'am, Inna."

Ta sake kira.

"Na'am!" Yanzu daga bayan coci.

A kira na uku muka ji ta a cikin ɗaki, sannan ƙarar itace a kan tebur. Zakara ya yi cara. Na duba gindin mangwaro, ba kowa. Da muka shiga, ba baƙar fuska, sai namu uku a kife. Filimon yana zaune yana kyarma, rigarsa sharkaf da ruwa har wuya. Goggo ta ja zane ta rufe fuskarta, ta fita ba ta dubi kowa ba.

Muka ɗauka an gama.

Kashegari da dare Filimon ya kwanta kamar kowa. Da safe bai tashi ba. Yana numfashi, jikinsa da ɗumi. Muka kira, muka girgiza, muka yayyafa masa ruwa. Fasto ya yi addu'a. Sai da Goggo ta zo. Ta gwada raɗa masa a kunne, bai ji ba. Sai da ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya, kowa yana ji, sannan ya buɗe ido.

Haka aka yi washegari. Haka aka yi kullum.

Da farko matan unguwa suna rufe baki suna dariya, wai Laraba ta zubar da kunya da tsufanta. Daga baya suka daina. Har wasu sukan tashi da kiran nata, kamar ƙararrawar coci. An so a yi wa Filimon canjin aiki zuwa babban asibiti a birni, ya ce a'a. Ita kuma ba ta ƙara kwana a wani gari ba, ko da ƙanwarta ta rasu, da rana ta je ta dawo. Na taɓa tambayarsa inda yake zuwa in ya yi barci. Ya ce, "Bakin rafi, taubashi. Ina tsaye kawai. Suna jira, ni ma ina jira."

Shekara goma sha tara tana kiransa.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta kira ni ta ce in koyi yadda take faɗa, inda take ja da inda take saukewa. Na koya. Da asuba na tsaya a tsakar gida na gwada har muryata ta dushe, bai tashi ba. A ƙarshe sai da muka ɗauko ta a tabarma zuwa ƙofar ɗakinsa.

Ta rasu da rani, da azahar. Shi ya haƙa kabarin da hannunsa. Muka zauna da shi, mu uku, muna ba shi goro da shayi, muna ta hira don kada ido ya rufe. Timotawus ya tono duk wani tsohon barkwanci da ya sani. Filimon ya yi dare biyu a haka. A na uku ya tashi ya wanke ƙafafunsa, ya ba Ilu mabuɗin ɗakin magani, ya shimfiɗa tabarma.

"Na gaji," ya ce. Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "Da safe ka gwada dai, taubashi."

Na gwada.

Saboda haka, in za ku yi wasanku, ku yi da fuskar da kuka san wanda ya sassaƙa. Kada ku karɓi ta baƙo, kada ku yarda da dokar da ba ku kuka kafa ba. Kuma in kun je Gidan Mayau, kada ɗayanku ya bi hanyar bakin rafi shi kaɗai bayan faɗuwar rana.

Waɗanda suka rage bayan haka:

Timotawus, da ya nemi canjin makaranta a shekarar da Goggo ta rasu, bai ƙara dawowa ba.

Ilu, da ya ci gaba da yin benci da ƙofa, amma bai sake sa wuƙa a ƙwarya ba.

Ni, da har yau nake farkawa kafin zakara.

Da Filimon, in za a lissafa wanda yake tsaye a bakin ruwa, yana sauraro.