Ƙafar Aljanin Rijiya

Da faɗa wata budurwa ta shiga shagon gyaran finafinai, faifai a hannu.

"Wa ya gyara tsohon fim ɗin nan? Ina yarinya aljanin rijiyar nan ya hana ni barci, yanzu an haska shi har ɗinkin mayafinsa ake gani!"

Saurayin da ke gaban kwamfuta ya ɗago. "Ni ne, ranki ya daɗe. Wata da watanni ina goge tabon kaset ɗin."

"To har da tsoron ka goge."

Ta bar masa lambarta, wai don ya sanar da ita in ya gyara ɓarnarsa.

"Mai Faɗa, na rage haske. Zo ki gani ko za ki tsorata."

"Ban tsorata ba, Mai Gyara. Amma zan dawo."

Ta yi ta dawowa, har magana ta kai gida. Babanta tela ne, mutumin da kullum yake cewa fim aikin marasa abin yi ne. Ita ma a gidan maƙwabta ta saci kallonsa. Da ya ji sunan fim ɗin da saurayin ya gyara sai fuskarsa ta canza.

"Ba zan ba shi ke ba."

"Saboda me, Baba?"

"Saboda na ce."

Abin ya ƙona mata rai. Ita da ke koyar da ɗalibai kawo hujja, an hana ta miji ba hujja. Ɗan baffanta mai kantin magani ya fara zarya da turare, ta ƙi ko kallon kwalbar. Ba ta yi kuka ba. Mai Gyara kuma ya ɗauke ƙafa don girmama Baba.

"In ka gaji ka faɗa," ta rubuta masa.

"Ban gaji ba, masoyiya. Zo ki ga gyaran ƙarshe."

A allon, aljanin ya fito daga rijiya. Ƙarƙashin mayafin ga ƙafar hagu, babban yatsa ya hau na kusa da shi. Ta matso kusa da allon. Ƙafar da ta tashi tana kallo a kan keken ɗinkin Baba ce.

"Mayar da duhun nan."

"Haba! Nan fa na fi shan wahala."

"Zaɓi: ƙafar ko ni."

Da yamma ta kunna sabon faifan a falo. Baba ya janye ƙafarsa cikin riga, zufa na keto masa. Aljanin ya fito, ƙasansa baƙi ƙirin. Baba ya sauke ajiyar zuciya.

"Yaron nan ya san aikinsa. Ki ce ya turo manyansa."

Ranar aure Baba ya dafa kansu. "Allah Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba."

Shi ya ɗinka mata mayafin amarci da hannunsa. Ta juya bakin mayafin ta duba, ta gane ɗinkin, irin na mayafin aljanin, ta yafa abinta.