Mai Ɗiban Ƙasa

"Buɗe jakar mu gani! In ke ba mayya ba ce, buɗe!"

Lucia ce ke ta ihu a ƙofar majami'ar Godogodo, daidai an tashi daga sujada, ta riƙe hannun jakar Emilia gam.

Emilia ta fizge abarta, ta zazzage a gaban kowa. Kwalabe suka gangaro, kowacce cike da jar ƙasa.

Matan zumunta suka ja baya suna kiran sunan Yesu. A garin nan ko ɗan yaye ya san wanda ya ɗebi ƙasar gonarka ko ta sawunka ba da alheri yake nufinka ba.

"Na gan ta da idona a gonar Baba Zamani!" in ji Lucia. "Ga dalilin da tumatir ɗinsa ke ƙanƙancewa!"

Lucia dai ta daɗe tana kai wa Kumai, ɗan Baba Zamani, kunun da bai taɓa roƙa ba. Yau kakarta ta yanke saƙa.

"Ni na ɗiba," Emilia ta ce, kanta a sama. "Aikina ke nan a ofishin gona na Kafanchan. Ciwon tumatir ɗin nan ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tana manne wa yumɓu. So nake in auna yawanta a cikin ƙasar."

Baba Zamani ya buga sandarsa.

"Wa ya ba ki izini? Yarinya da zai shiga gidana, shi ne yana sata ƙasana?"

Emilia ta juya ta dubi Kumai. Shi ya ce ta je ta ɗiba, zai shaida wa Baba. Watan gobe ne aurensu.

Kumai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa...

Wannan shirun ya fi ihun Lucia yi mata zafi. Ta tsince kwalabenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari ko ɗigon hawaye ya sauko ba sai da ta shiga motar Kafanchan.

A shekarar 1977 ne, rediyo na ta kiran a koma gona, ita kuwa gonar ce ta kore ta. Ta duƙufa a rumfar gwaji ta ofishinsu. Ta zuba ƙasar a ruwa ta girgiza, yashi ya kwanta, yumɓu ya tsaya a sama kamar kamu. Ta raba su, ta goga kowanne a ganyen taba dabam, don shukar taba ke saurin nuna tabon cutar, ta zauna jira.

Ran Laraba sai ga Kumai a kan keke, gumi sharkaf.

"Emi... masoyiyata..."

"Wa ke nan?"

"Haba, zuciyata! Tsoron Baba ne ya kama ni. Ki yafe mini."

"A nan kake da baki?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "A gaban jama'a aka kira ni mayya. Can ka yi shiru, can za ka je ka yi magana."

"In ya kore ni fa?"

"Ni da aka kora, ka ga na mutu?"

Ya tafi jiki a sanyaye. Tana sonsa kamar ranta, ta kuma yi kuka son ranta bayan fitarsa, amma ba ta kira shi ba.

Ran Lahadi ta koma Godogodo, duk da mamarta ta roƙe ta ta bari ƙura ta lafa. Ta ajiye tukwanen shukar taba biyu a ƙofar majami'a. Ganyen da ya sha ruwan yumɓu ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda, na yashi kuwa da kyar za ka ga tabo.

"Tabon nan shi ne ma'aunin," ta ce da ƙarfi. "Cutar tana cikin yumɓun fadamar da ake renon iri. A mai da renon kan jigawa mai yashi, a ƙone matattun."

"Wani sabon tsafin!" Lucia ta yi tsaki.

Sai aka ji guɗa da dariya daga baya. Kumai ne, cikin fararen kayan coci, da daro cike da ƙasa a ka, tana zubo masa a wuya. Ya dire shi a gaban Emilia.

"Baba, wannan ƙasar gonarka ce, ni na haƙo da hannuna. Wancan ma ni na ce ta ɗiba. In maita ce, ni ne babban maye!"

Lucia ta sulale ba sallama.

"To ba aure!" Baba Zamani ya daka tsawa. "Ba da bakina ba!"

"Za mu jira bakinka, Baba," in ji Emilia cikin ladabi. "Amma ƙasa kam ba zan daina ɗiba ba."

Suka jira kuwa. Kumai ya yi renonsa a jigawa, tsoho ya nace wa fadamarsa. Da lokacin tsinka ya yi, kwandunan Kumai suka nufi tashar jirgi jajur, na tsoho ko miyar gida ba su kai ba.

Wata safiya Emilia na wanke kwalabe ta ji gyaran murya. Baba Zamani ne tsaye a bakin rumfa, da ƙwarya a lulluɓe. Ya yaye ƙyallen. Ƙasa ce.

"Na gonar barkono ne," ya ce yana kallon gefe. "Ki auna mini... surukata."

Kalmar ta ratsa ta har ƙafa, amma ta dake.

"Baba, ba ka tsoron maita?"

"Ina tsoro mana!" ya ce, ya tura mata ƙwaryar. "Shi ya sa gara mayyan ya zauna a gidana. Ku je ku gaya wa Fasto ya sa rana."