Bakin da Kwamfuta Ba Ta Ƙirga Ba

"Shukri, yanzu gidan da ba a barin ko ƙanzo a tukunya shi kake kira ci gaba?"

Daga madafa Zaleha ta jiyo Mak Long, babbar gwaggon mijinta, tana wannan tambaya. Ba ta ji amsar ba. Rana na faɗuwa a bayan gonakin shinkafar jihar Kedah ta ƙasar Malesiya, kwaɗi sun fara kuka.

Bayan rasuwar surukarta ne mijinta Shukri ya kawo kwamfuta daga birni, da faifan girki. Ya koya wa Zaleha: ta buga yawan masu ci, na'ura ta fito da awon shinkafa da na madarar kwakwa. Duk girkin marigayiya ya zuba a ciki, ban da abu guda da ya ce ɓarna ce: hannu ɗaya na shinkafa da tsohuwar ke ƙarawa kullum, ta bar shi ya kwana a tukunya. Su huɗu ne a gidan, har da Mak Long da Norli ƙanwar Shukri. Huɗu Zaleha ke bugawa, tukunya tana tashi fes.

A almurun da Mak Long ta yi tambayar nan, kwaɗin suka yi tsit lokaci guda. Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo. Shukri ya zagaya gidan da fitila, bai ga kowa ba. Da ya dawo, suka iske Norli tsugune a madafa, tana kankare tukunyar da babu komai da farcenta har jini ya fito.

Kwanaki aka yi a haka. Duwatsu da magariba, murya a ƙarƙashin daɓen katako, Norli na ramewa. Mak Long ba ta ɓoye zargin da take yi wa Zaleha ba.

"Kafin ƙafarki ta shigo ba mu san wannan ba. Sumumu-kasau, sai sunkuyar da kai! Wallahi in na ga alamar abin a jikinki, da kaina zan ɗaura miki kaya."

Zaleha ta dubi mijinta. Shi kuwa allon kwamfutarsa yake kallo.

Aka ɗauko Tok Deraman, tsohon malamin ƙauyen gaba. Ya zauna kusa da kan Norli ya yi ta karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Can yarinyar ta buɗe baki, muryar wani ƙato ta fito.

"Tun kakanninsu nake cin ƙasan tukunyar gidan nan. Sun kawo akwatin da ya ƙirga bakuna, bai ƙirga nawa ba."

"Ba ka da rabo a nan," in ji Tok. "Waɗanda suka ciyar da kai sun yi kuskure. Fita."

"Hannu ɗaya kawai, tsoho."

"Ko ƙwaya."

"To ranar Juma'a kaɗai."

Tok ya koma karatunsa. Abin ya yi ihu, ya yi zagi, daga baya ya koma roƙo kamar yaro.

"Na bar ta. A buɗe min ƙofar madafa in wuce."

Babu wanda ya motsa. Mak Long ta zunguri Zaleha. "Ke! Ba madafarki ba ce?"

Zaleha ta je ta zare sakata. Wata iska mai ɗumi ta shafi fuskarta, Norli ta yi atishawa ta nemi ruwa. Kafin Tok ya tafi ya ja kunnensu: kada a sake ajiye wa abin abinci a gidan nan.

Duwatsu suka daina. Washegari Zaleha ta dafa na huɗu, kowa ya ci ya ƙoshi. Ita ma ta cinye nata. Amma da ta kai kwanuka madafa, wata yunwa ta murɗe mata ciki, yunwar da ba tata ba, tsohuwa, mai fushi. Sai ganin hannunta ta yi a cikin tukunya, farce na kankarar ƙasanta.

"Zaleha! Ƙarar me nake ji?"

"Wanke-wanke nake, Mak Long."

Ta daɗe tsaye, tana sauraren dariyar Norli daga ɗaki, tana tuna kayanta da za a ɗaura. Da safe, kafin kowa ya fito, ta kunna na'urar. Na'urar ta tambaye ta mutum nawa. Zaleha ta buga biyar. Za ta cinye rarar a bayan ƙofa, ta wanke tukunya fes, kuma ba wanda zai ji daga bakinta, ko Shukri.