Abin da Ya Kashe Kuɓewar Huseina

A wani ƙauye na bakin kogi, kusa da garin Rusairis, akwai wata yarinya mai suna Huseina. Tana aji biyar a makarantar firamare. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma tana da hali guda. Ba ta son a ce ta kasa yin abu. In ta faɗi tambaya ɗaya a aji, sai ta wuni tana kumbura.

Wata ranar Lahadi malamarsu ta kimiyya, Ustaza Lubna, ta shigo aji da labari.

"Nan da sati huɗu za mu yi baje kolin kimiyya," in ji ta. "Kowa zai gwada wani abu da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani. Iyayenku za su zo kallo. Wani malamin gona kuma zai zo daga birnin Damazin ya duba aikinku."

Aji ya kaure da surutu. Najwa ta ce za ta tace ruwan kogi da gawayi da yashi. Bilyaminu ya ce shi fitila zai kunna da batir da waya.

Huseina ta ɗaga hannu.

"Ustaza, ni kuɓewa zan shuka a gwangwani uku. Ɗaya da baƙar ƙasar gona, ɗaya da lakar bakin kogi, ɗaya da yashi. In ga wadda za ta fi girma."

"Tamam," in ji malamar. "Ki riƙa aunawa kullum. Abin da idonki ya gani, shi kaɗai za ki rubuta."

Huseina ta yi shukarta a gindin rumfar gidansu. Bayan kwana shida, kuɓewa ta leƙo a gwangwani ukun duka. Kullum da safe sai ta auna tsayinta, ta rubuta a littafi. Kullum kuma sai ta ɗebi ruwa a randa ta zuba mata.

Ran nan Inna ta kama ta a bakin randa.

"Ke ɗiyar nan! Ruwan shanmu kike ba kuɓewa? Ga kogi can, ƙafarki ciwo take?"

Huseina ta shiga neman abin ɗiban ruwa. A bayan ɗaki ta ga wasu fararen jarkoki guda biyu. Babanta, Malam Salih, ya kawo su daga wata babbar gona inda ya yi aikin kwana goma. Takardar da ke jikinsu ta yayyage. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauki ɗaya ta tafi kogi.

Da ta buɗe murfin, wani wari ya bugi hancinta. Ta ɗauraye jarkar sau ɗaya, ta cika ta da ruwa, ta dawo gida ta shayar da shukarta.

Kashegari da safe ta fito da ma'auninta. Sai ta tsaya cak.

Ganyen kuɓewar ya nannaɗe. Karan ya lanƙwashe kamar an murɗe shi da hannu. Ba gwangwani ɗaya ba, duka ukun.

"Wayyo! Mi ya same ku?" in ji ta.

Ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara musu ruwan jarkar. Bayan kwana biyu suka kwanta, suka bushe ƙurmus. Saura kwana uku a yi baje koli.

Huseina ta zauna a gindin rumfa, ta rasa abin da ke mata daɗi. Ta tuna Najwa da ruwanta da ya fito garau. Ta tuna Bilyaminu da fitilarsa. Ita kaɗai za ta je da matattun tsirrai? 'Yan aji su yi mata dariya a gaban baƙo?

Da la'asar ta sulale zuwa lambun babanta. Akwai kuɓewa ƙanana a can. Ta tono guda uku: babba, matsakaiciya da ƙarama. Ta zubar da tsohuwar ƙasar gwangwanayen, ta sa sabuwa. Babbar ta dasa a laka, matsakaiciyar a baƙar ƙasa, ƙaramar a yashi. Wannan karon ruwan randa ta ba su, a ɓoye. Sannan ta buɗe littafinta, ta cike kwanakin da suka rage da lissafin ƙarya.

Ta san ba daidai ba ne, amma ba ta fasa ba.

Ranar baje koli aka jera tebura a ƙarƙashin itatuwan makaranta. Iyaye suka cika wurin. Malam Salih ya zo da farar jallabiyarsa. Gonar riɗinsu kuwa ya bar ta a hannun Uzairu, yayan Huseina, da mutum huɗu masu taya su girbi.

Malamin gonar sunansa Ustaz Sharfuddeen. Dogo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya yi wa Najwa tambayoyi. Ya kashe fitilar Bilyaminu ya sake kunna ta. Daga nan ya iso teburin Huseina.

"Masha Allah, kuɓewa ta yi kyau," in ji shi. "Ke kika shuka ta tun daga iri?"

"Ni ce," in ji Huseina, ba ta kalle shi ba.

Ya karanta littafinta. Sannan ya sa yatsa a gwangwanin yashi, ya ɗan tona. Ya sake tonawa a hankali, ya ɗago ƙaramar kuɓewar. A jikin saiwarta akwai dunƙulen baƙar ƙasa.

"Yarinya," in ji shi, "kin ce yashi kaɗai ne a nan. Wannan baƙar ƙasar ta ina ta shigo?"

Ustaza Lubna ta matso, ta riƙe baki. Malam Salih ya leƙa gwangwanin, ya kalli 'yarsa.

Huseina ta kalli saiwar. Sai hawaye.

"Daga lambun Baba na tono su," in ji ta. "Nawa sun mutu. Abin da na rubuta a ƙarshe ma ba gaskiya ba ne."

"Huseina! Ke?" in ji Ustaza Lubna. "Wallahi da wani ya faɗa mini, da na ƙaryata shi."

Yara suka fara raɗa. Malam Salih ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi wa Huseina duka ciwo.

Ustaz Sharfuddeen ya durƙusa daidai tsayinta.

"Share hawayenki. Yanzu faɗa mini gaskiya. Yaya suka mutu?"

"Ganyen ya nannaɗe, karan ya murɗe. Duka ukun, rana ɗaya."

"Rana ɗaya? Ƙasa iri uku, su mutu rana ɗaya?" Fuskarsa ta canza. "Da wane ruwa kika shayar da su?"

"Na kogi. A farar jarkar da Baba ya kawo."

"Jarkar tana wari?"

"Tana yi, sosai."

Malamin gonar ya miƙe tsaye da sauri.

"Ya haj," ya ce wa Malam Salih, "ina ka samo jarkar nan?"

"A babbar gonar da munka yi aiki. An yar da su, na ga masu kyau ne."

"Jarkar maganin kashe ciyawa ce! Guba ce. Robar tana shanye maganin, ko an wanke ba a amince da ita ba. Kada wanda ya sha ruwa a cikinta."

Malam Salih ya dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Guda biyu ne. Ɗayar jiya anka wanke ta. Yau da safe Uzairu ya cika ta da ruwan sha, ya tafi da ita gona. Su biyar ne a can!"

Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Huseina ta ji kamar ƙasa ta juya da ita. Yaya Uzairu, wanda yake goya ta a keke zuwa kasuwa!

Malam Salih ya ciro waya. Ya kira. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru. Ba mai motsi a filin makarantar. Huseina ta kama gefen rigar malamarta, ta ƙanƙame.

A kira na uku aka ɗauka.

"Uzairu! Kun sha ruwan farar jarka?"

Kowa ya ji muryar Uzairu daga wayar.

"A'a, Baba. Na tulun bukka munka fara sha, yanzu ya ƙare. Ga ni ma na ɗauko jarkar zan zuba wa mutane. Lahiya?"

"Aje ta! Aje ta ƙasa, kada wanda ya taɓa! Guba ce. Ga ni nan tafe da wani ruwa."

Malam Salih ya zauna a kan benci, yana ta faɗin alhamdulillahi. Huseina ta fashe da kuka, ta faɗa jikinsa.

"Baba, ka yafe mini."

Malam Salih ya dafa kanta.

"Laifi biyu ne, ɗiyata. Ni na kawo abin da ban sani ba cikin gida, wannan nawa ne. Amma da kin gaya mini ranar da kuɓewarki ta mutu, da tun ranar munka bincika. Kin ga inda ɓoyo ya kusa kai mu?"

"Na gani, Baba."

A ranar Huseina ba ta sami kyauta ba. Ustaza Lubna ta cire sunanta daga gasar. Najwa ce ta zo ta ɗaya, Bilyaminu ya zo na biyu. Huseina ta tafa musu, idonta jajir.

Kafin Ustaz Sharfuddeen ya hau mota, ya kira ta.

"Kin san wani abu? Da matattun tsirran nan kika kawo mini, da littafin gaskiya, da aikinki ya fi na kowa amfani yau. A kimiyya, abin da ya lalace ma yana da abin da yake koya mana. Amma sai an faɗi yadda ya faru."

Kashegari Huseina ta tsaya a gaban aji ta nemi gafara. Ta faɗi komai. Ba wanda ya yi dariya. Bilyaminu ma ya ɗaga hannu.

"Ustaza, mu ma muna da irin jarkar nan a gida. Man girki muke so mu zuba."

"Mu ma!" in ji wata yarinya daga baya.

Ustaza Lubna ta zaro ido.

"Ya salam! Duk wanda ke da ita a gida, ya gaya wa iyayensa yau, ba gobe ba. Kada ku taɓa ta da hannunku."

A cikin satin, manyan ƙauye suka bi gida gida. Aka tara jarka goma sha ɗaya. Malamin gona ya dawo da mota ya kwashe su.

Ustaza Lubna ta ba Huseina dama ta sake gwajinta. Ta samo sababbin gwangwanaye, Inna ta ba ta tsohon bokiti mai tsabta. Wannan karon ba ta rubuta komai ba sai abin da ta auna. Ran da tsutsa ta ci ganye ɗaya, ta rubuta. Ran da ta manta ba ta ba da ruwa ba, shi ma ta rubuta.

Bayan sati huɗu ta kawo aikinta taron safe na makaranta. Kuɓewar laka ce ta fi tsayi. Ta yashi kuwa 'yar firit, ganye uku kacal. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ba ta ji kunya ba. Shugaban makaranta ya sa aka tafa mata, Yaya Uzairu yana bakin ƙofa yana murmushi.

Tun daga lokacin, in abu ya lalace a hannun Huseina, ba ta ɓoyewa. Takan je wurin manya ta faɗa da bakinta.

Yara, in kun yi kuskure ko aikinku ya ɓaci, ku faɗi gaskiya da wuri. Kunyar gaskiya ta ɗan lokaci ce, amma ƙarya tana iya cutar da waɗanda kuke ƙauna.