Kuɗin da Aka Kashe Sau Biyu

Ranar Litinin da hantsi, wata biyu bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, wani dogon mutum mai tabarau ya faɗo caji ofis yana haki. Sufeto Ɗan'azumi na tsakiyar cin ƙosai, ya ture takardar gefe.

"Sunana Dakta Obiajulu, malamin lissafi," in ji mutumin da Hausar wanda aka haifa a Kano. "Yallaɓai, an kashe ni. Aikin shekara uku an share shi tas, kuma saura kwana tara in tafi taro a ƙasar waje."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Audu.

Ɗakin da Dakta ke bincikensa yana saman wani bene a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarƙashinsa rumfar mai abinci. Sufeto ya fara duba ƙofa. Ba a ɓalle kwaɗo ba. Kwamfuta na zaune a teburinta, ga firinta, ga rediyo sabuwa fil.

"Me aka ɗauka?"

"Faifan ajiya goma sha huɗu da littafin lissafina. Abin da ke cikin kwamfutar ma an goge."

Sufeto ya ƙara kallon rediyon. Ɓarawon da ya bar wannan ba yunwa ce ta kawo shi ba.

"Wane irin aiki ne?"

"Kuɗin kwamfuta. Yallaɓai, in ka ba mai shayi naira biyar, takardar ba ta faɗin sunanka. Haka muke so a riƙa biya ta na'ura. Banki ya tabbatar kuɗin na gaske ne, amma bai san wanda ya kashe ba."

"Ashe ɓarayi kuke yi wa aiki."

"A'a. Kuɗin lamba ce kawai, mai son zuciya zai iya kwafe ta ya sake kashewa. Shi ya sa ake raba sunan mai kuɗin gida biyu a ɓoye a ciki. Ka kashe sau ɗaya, rabi ne ke fitowa, ba ya nuna komai. Ka kashe sau biyu, rabin ya haɗu da ɗan'uwansa, sunanka ya bayyana. Masana a waje sun daɗe a kan wannan, mu kuma mun samo hanyar da ƙaramar na'ura za ta iya."

Ya nuna masa wasu 'yan takardu masu dogayen lambobi. Kuɗin gwaji ne, kowa da nasa, da sunansa a ɓoye a ciki. Da su ake buɗe kwamfutar, kowace shiga lamba ɗaya.

"Mutum nawa ke da makulli da waɗannan takardu?"

"Ni, da abokin aikina Malam Mu'azu, da Clementina mai buga mana takardu."

Clementina na tsaye a lungu tana murza gefen zaninta. Ta ce jiya Lahadi tun takwas tana coci, a tambayi kowa.

"Kin san da maganar tafiyar Dakta?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Yau na ji."

"Wa ke karɓo wasiƙu daga gidan waya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wa ke buɗe su?"

Hawaye ya zubo mata. "Oga ya ce kada in faɗa wa kowa. Amma ranar Juma'a Malam Mu'azu ya tarar da wasiƙar gayyatar a tebur ina buga amsa. Ya karanta har sau biyu. Ya tambaye ni ko akwai shafi na biyu. Na ce babu."

"Sai me?"

"Sai ya yi dariya, ya fita bai ɗauki hularsa ba."

Sufeto ya karɓi wasiƙar gayyatar. Suna ɗaya ne a kanta, na Dakta. Ya waiwayi Dakta, Dakta ya mai da hankalinsa ga goge tabarau.

Gidan Malam Mu'azu yana Darmanawa. Suka same shi, gajere mai faɗin goshi, a ƙofar gida yana wanke babur ɗinsa Besfa, ya shimfiɗa musu tabarma da fara'a.

"Na ji abin da ya faru. Allah ya kyauta. Ni da Obi tun muna aji ɗaya a jami'a muke tare."

"Ina kake jiya da safe?"

"Ɗaurin aure a Daurawa, daga tara har azahar."

"Ka san Dakta za shi ƙasar waje?"

"Kai, haba? Wallahi bai faɗa mini ba. To ai ya cancanta. Shi ne mai Turanci, shi ne mai kwat, shi ake kira Dakta. Mu ai 'yan rakiya ne."

Yana faɗa yana murmushi, amma tsumman da ke hannunsa ya matse shi har ruwan ya ƙare yana ci gaba da murɗawa. Sufeto ya san wannan murmushin. Shi ma ya yi irinsa bara, ranar da aka liƙa wa wanda ya koya wa aiki anini a kafaɗa. Sai dai murmushi ba hujja ba ne a kotu, kuma angon Daurawa ya shaida wa Kofur Audu cewa ya ga Malam Mu'azu a wajen, ko da yake bai riƙe lokacin ba.

Suka koma Gyaɗi-Gyaɗi. Sufeto ya zauna a rumfar Asabe mai abinci, ya sa a zuba masa shinkafa da wake.

"Jiya kin ga wanda ya hau sama?"

"Ina fama da tukunya, Yallaɓai, wa zan gani? Na dai ji motsi, na ce ko Dakta ne bai je coci ba. Da aka ɗauke wuta ma na ji an daki tebur."

"An ɗauke wuta?"

"Wajen goma da rabi. Firjin zoɓona ya tsaya, na ce yau na shiga uku. Ko minti biyar ba a yi ba aka dawo da ita. Can kuma na ji ƙaurin roba daga bayan gida."

A bayan ginin Kofur Audu ya tono toka da sanda, ya fito da 'yan ƙarafan faifai da suka yi baƙi.

Sufeto ya bar abincin, ya hau benen da sauri.

"Dakta, in mutum na cikin aiki aka ɗauke wuta, yaya yake yi?"

"Sai ya sake shiga da sabuwar lamba."

"In ya zo da takarda ɗaya kacal fa? In yana sauri, ya ɗauka shigar farko ta bi wuta?"

Dakta ya ƙura masa ido. Ya jawo kujera, ya kunna kwamfutar, ya buɗe rajistar shiga. Mai gogewar bai taɓa ta ba, don rajistar ba ta ɗauke da sunan kowa. Ga shiga biyu ranar Lahadi, goma da kwata da kuma goma da minti talatin da shida. Lambar iri ɗaya ce.

Ya haɗa rabin biyu. Suna ya fito a allon.

Da la'asar aka kawo Malam Mu'azu caji ofis. Sufeto ya ajiye masa takardar da aka buga da ƙarafan da suka ƙone. Malam Mu'azu ya daɗe yana bin lambobin da yatsa, layi bayan layi, kamar mai duba jarrabawar ɗalibi.

"Lissafin ya yi aiki," ya ce a hankali. "Ko da wuta ta ɗauke, ya yi aiki."

"Ka amsa kai ne?"

"Ni ne. Na je ɗaurin aure, na zame, na dawo kafin a raba goro." Ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja. "Yallaɓai, shekara uku. Shi yana zuwa taron malamai ana tafa masa, ni ina ɗaki da alli. Na ce ba komai, ranar da duniya za ta gani, sunanmu biyu za ta gani. Sai na ga wasiƙa. Kwana biyu ina rufe ido ina ganinsa a kan dandamali yana karanta lissafina. Na ce in ba zan tsaya a wurin ba, shi ma ba zai tsaya ba."

"Da ka zo ka yi mini magana," in ji Dakta daga bakin ƙofa.

Mu'azu bai ko kalle shi ba. "Yallaɓai, kafin a rufe ni, ka tambaye shi abu ɗaya, ka rubuta amsar a sitatimen. Lissafin da ya kama ni, na wa ne?"

Sufeto ya ɗauki biro, ya juya ga Dakta, yana jira.

Dakta ya dubi Mu'azu.

"Nasa ne," ya ce daga ƙarshe. "Tun daga farko har ƙarshe."

Sufeto ya rubuta, ya juya takardar, ya sa Dakta ya sa hannu a ƙasa. Mu'azu ya leƙa ya karanta. Sannan ya miƙa wa Kofur Audu hannayensa biyu, aka saka ankwa, aka wuce da shi bayan kanta.