Haya a Cikin Badala

Da la'asar sakaliya Maharazu ya sauka daga adaidaita sahu a Ƙofar Dukawuya, ransa a ɓace, rigarsa sharkaf da gumi. Daga Tofa yake, wajen ganin gidan haya. Tun hantsi ya fita, ga rana tana shirin faɗuwa, bai tsinana komai ba sai zubar da kuɗin mota.

Shi baduku ne, takalma da jakunkuna yake ɗinkawa a wata 'yar rumfa kusa da Kasuwar Kurmi. A cikin badala, wato cikin ganuwar birni, aka yanke masa cibiya, nan aka yanke wa ubansa da kakansa. To, mahaifinsu ya rasu, ƙanensa Saminu ya tsaya kai da fata sai an sayar da gidan gado an ba shi rabonsa ya yi jari. An yi lallashi, an kai magana gaban dattawan unguwa, yaron nan ya ƙeƙashe ƙasa. Aka sayar. Wanda ya saya kuwa shaguna zai yi, ya ce su tattara nasu ya nasu kafin ruwa ya sauka.

Abin da Maharazu ya samu na gado ko zaure ba ya saya a cikin gari. Haya kuwa, Allah ya sawwaƙe. A Gwale da Dala sai dai mutum ya ji farashi ya juya. Ya je Kumbotso, gidan da dama-dama, amma hanya ta cinye rangwamen. Ya je Janguza, hanya da sauƙi, kuɗin gida ya tasam ma na birni. Tofa akwai araha, har da filin kiwon kaji, amma sai mutum ya fita da duku-duku, ya hau mota ya sauka ya sake hawa, ya dawo yara sun yi barci. Ko ta ina ya juya abin, ɗan abin da ya rage a haya direba ke karɓewa. Kuma duk juyawar da zai yi, fuskar Saminu yake gani.

Yana tafe yana ƙwafa, yana zagin ƙanen nasa a zuci, irin zagin da in uwarsu tana raye ba za ta yafe masa ba. Sai ya ji sallama daga gefe.

Wani dattijo ne a tsugune jikin tsohuwar katanga, siriri, da farar riga. Ya ce shi dillalin gidaje ne, ya ji ɗan gidan dukawan nan yana neman haya. Akwai gida nan cikin gari, ko adaidaita ba sai ya hau ba. Maharazu ya san dillalan unguwar nan kaf, har da maƙaryatan cikinsu, wannan dai bai taɓa ganinsa ba. Amma haushi ya riga ya toshe masa kai. Ya tambayi kuɗin.

"Ka gani tukuna, Malam," in ji dattijon, murya ƙasa-ƙasa. "Ba za mu ɓata ba."

Suka shiga lungu. Ƙamshin ƙosai, warin kwata, ƙarar janareta, mata suna ƙwala wa yara kira su shigo gida. Suka sha kwana, ƙarar janareta ta yi baya. Suka sake shan kwana, muryar mata ta ɗauke. Maharazu a lungunan nan ya yi wasan ɓuya, babu ramin da bai sani ba, amma wannan lungun bai san shi ba. Katangu suka yi ta matsowa har kafaɗunsa suna gogar ƙasa. Iska ta yi sanyi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba bana.

Dattijon ya tura wata ƙofar katako mai manyan ƙusoshi.

Kai, gida ne! Zaure, soro, tsakar gida a share tas, ga rijiya. Ta hannun dama ɗakuna masu faɗi, rufin azara, irin ginin da aka daina yi. Maharazu ya ji zuciyarsa ta narke. Har ya hango matarsa Habiba tana shanya a nan, ya hango kansa yana takawa kasuwa da ƙafa kamar yadda ya saba. Bari ɗan banzan yaron nan ya gani, ya ce a ransa, ko bai so ba sai na zauna a garin ubana.

Sannan ya waiwaya hagu.

Jerin ƙananan ƙofofi ne, gajeru, sai mutum ya durƙusa zai shiga. Kowace da tsohon asabari a sake. Babu taga ko ɗaya.

Sama ta yi ja. Magariba ta yi. Maharazu ya kasa kunne, kamar yadda kowane Bakano yake yi ba tare da ya sani ba. A birnin nan masallaci bayan masallaci ne, ladanai har hawa muryar juna suke yi. Ya jira. Shiru. Ko tsuntsu babu.

Abu ɗaya ya ji. Numfashi.

Daga bayan asabaran yake fitowa, a hankali, ba na mutum ɗaya ba. Wani yana ja da ƙyar. Wani yana ɗan nishi, irin na wanda ya gaji da kuka.

"Su wa ke ciki?" in ji Maharazu.

"'Yan haya ne," in ji dattijon. "Kowanne ɗan'uwansa ne ya kawo shi."

Ya matso. Jikinsa ba ya warin gumi, ba ya ƙamshin turare, sai ƙasar nan mai laima. Ya yi bayani a natse, kamar mai cinikin goro. Su ba sa karɓar kuɗi. Ɓangaren dama na Maharazu ne da iyalinsa, har jikokinsa, ba mai tashinsu. Sai dai ɗaki ɗaya na hagu babu kowa, kuma ba sa son ɗaki ya zauna haka. Mutum ɗaya kawai zai ba su, na jininsa. Suna kawai zai faɗa.

Ya ɗaga asabarin ƙarshe. Ciki duhu ne ƙirin, tsawonsa daidai kwanciyar mutum.

"Wa ka ba mu?"

Maharazu ya ja da baya. Ya so ya yi ta'awwizi, harshe ya ƙi. Amma abin kunya, abin takaici, fushin nan bai mutu ba. Yana nan a ƙirjinsa da zafinsa. Gidan ubansu da za a rushe. Kayan Habiba a ɗaure cikin buhuna. Murmushin da Saminu ya yi ranar da aka ƙulla cinikin.

Sunan ya taso masa har maƙogwaro.

Ya datse haƙora. Ya ciji harshensa har ya ji gishirin jini. Bai furta ba. Wallahi bai furta ba.

Numfashin bayan asabarai ya tsaya cak.

Dattijon ya yi murmushi.

"Ya isa," ya ce. "Mun ji."

Ya miƙo wani baƙin makulli.

Yatsun Maharazu suka fara buɗewa da kansu. Ya ƙanƙame su, ya cusa hannun a hammata. Sunan Allah ya ƙwace daga bakinsa, da jini da yawu.

Ya juya a guje.

Soro. Zaure. Kafaɗarsa ta daki ƙofa. Lungu ya matse shi, ƙasa tana zubo masa a ka. A bayansa asabarai suna ta kaɗawa, da takun ƙafa marar gaggawa.

Bai waiwaya ba.

Ya faɗo kan titi da rarrafe, babu takalmi, a gaban wani masallaci. An idar da salla, mutane suna fitowa suna kallonsa. Ya waiga, katanga ce kawai, doguwa, babu lungu.

A daidai magaribar nan aka tsinci Saminu a sabon shagonsa a zaune, ido buɗe, jiki sanyi ƙalau. Sai bayan isha ya farfaɗo. Ya ce ya ga kansa a bakin wata gajeriyar ƙofa, rabinsa a ciki rabinsa a waje. Washegari haka, jibi haka. An je asibiti, an yi ruƙiyya, jarin ya tafi a neman magani. Abu ɗaya aka lura da shi: in an fitar da shi bayan badala abin yana sassautawa, in an yi nisa ya fi sauƙi.

Maharazu ya kama gidan Tofa. Shi ya je da kansa ya ɗauko Saminu, ya ba shi ɗakin da ya fi kowanne taga. Kullum yana fita da duku-duku, ana yin la'asar ya rufe rumfa, ko da mai saye a tsaye, don kada magariba ta same shi a cikin gari. 'Yan kasuwa suna tsokanarsa wai ya zama baƙauye. Bai ƙara yin ƙorafin kuɗin mota ba.

Mutane suna ta sa masa albarka, wai ba a taɓa ganin mai zumunci irinsa ba. Wata magariba yana zaune a bakin ɗakin, yana riƙe da hannun ƙanensa har sanyin ya wuce, Saminu ya buɗe ido ya dube shi, hawaye yana bin kuncinsa.

"Yaya, ka yafe mini," ya ce. "Ni na raba ka da gidanmu, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa nufina da sharri ba."

Maharazu ya saki hannunsa. Ya ja masa bargo, ya tashi ya je ya yi alwala.